Darasi na Bakwai: Ruwan Sha a Ranar Ambaliya

A daren Litinin, wayewar garin Talata 10 ga Satumba 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya cika ya tumbatsa, ya nufi cikin Maiduguri. Kafin hantsi ruwa ya mamaye Gwange, ya shiga Kasuwar Monday, ya kai fadar Shehun Barno, bai ƙyale Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ba. Rabon birnin da ganin irin wannan tun 1994. An ƙiyasta kimanin mutum dubu 400 ne suka bar gidajensu, da yawansu daga su sai tufafin jikinsu.

Waɗanda Allah ya kuɓutar suka kai tudu, abin da suka fara nema shi ne ruwan sha. Ga ruwa ko'ina, har wuya a wasu unguwanni, amma babu na kaiwa baki. Ruwan ya biyo ta masai da kwata da bola da maƙabarta, ya kwaso abin da ya kwaso, ya juye cikin rijiyoyi. Ita kanta Alau daga can ake jawo ruwan famfon birnin. Ba a rufa wata guda ba, a farkon Oktoba, gwamnatin jihar Barno ta sanar da ɓarkewar kwalara.

Wannan labari ba baƙo ba ne ga mutanen Haɗeja da Auyo, ko na Goronyo da ruwa ya ci a 2010, ko na Yamai a 2020, ko na Maraɗi a 2024, ko na Mokwa a 2025. Kuma ba ambaliya kaɗai ke raba gida da ruwan sha ba. A ƙarshen Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama sun yi fiye da mako guda babu wutar lantarki. Injinan burtsatse suka tsaya, 'yan garuwa suka yi wuyar gani, farashin jarka ya hau. Dokar hana fita takan yi haka, fashewar bututu takan yi haka, gudun hijira kuwa ya fi su duka. Shi ya sa wannan darasi zai tsaya kan abu biyu: yadda gida zai tanadi ruwa tun ana zaune lafiya, da yadda zai gyara ruwan da ya samu har ya zama na sha.

Garau a ido

Duk wanda ya karanta babin tsarki ya san ana duba ruwa ta launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa. Idan ba su sauya ba, ya halatta a yi alwala da wanka da shi. Wannan hukuncin ibada ne, yana nan daram. Inda ake kuskure shi ne a ɗauka duk ruwan da ya yi alwala ya yi sha. Ƙwayoyin cutar kwalara da taifot da atuni da wata irin shawara ba su da launi, ba su da wari, harshe ba ya jin su. Ruwa na iya zama garau a kofi, alhali yana ɗauke da abin da zai kwantar da gida guda cikin kwana biyu. Kusan dukkan waɗannan cututtuka hanya ɗaya suke bi: daga bayan gidan mai cutar zuwa ruwa ko abinci, daga nan zuwa cikin mai lafiya.

A 2021 Najeriya ta ga annobar kwalara mafi muni cikin shekaru masu yawa. Sama da mutum dubu 100 aka yi zargin sun kamu, sama da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi da Jigawa da Kano da Sakkwato da Zamfara suna cikin jihohin da abin ya fi shafa. A 2017 kuma, a yankin Diffa na Nijar, inda 'yan gudun hijira suka taru, cutar hanta da ake ɗauka ta gurɓataccen ruwa ta ɓarke, kuma mata masu juna biyu ne suka fi mutuwa. Wanda ya taɓa jinyar mai amai da gudawa ya san saurin abin: mutum ya kwana lafiya, kafin la'asar idanunsa sun faɗa, fatarsa ta yamutse.

Nawa za a tanada?

Ƙungiyoyin agaji na duniya suna da ma'aunin da suke aiki da shi a sansanoni. Mutum ɗaya yana bukatar lita 2.5 zuwa 3 a rana don sha kawai. Idan aka haɗa da girki da wanke hannu da ɗan tsabtar jiki, bukatar tana kaiwa lita 7.5 zuwa 15. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, na sha ma sai an ƙara, haka ga mai shayarwa da mai zazzaɓi.

Ba kowane gida ne zai iya ajiye lita 15 ga kowane kai ba, kuma ba a ce dole ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a tanadi na sha da na girki na kwana 3, a kan lita 5 ga mutum ɗaya a rana, domin galibi cikin waɗannan kwanaki ne agaji bai iso ba, hanya kuma ba ta buɗe ba. Gida mai mutum 10 ke nan zai nemi lita 150, wato jarka 6 ta lita 25. Wanda yake da halin sayen ruwan leda, jaka ɗaya galibi ƙwaya 20 ce mai rabin lita, lita 10 ke nan. A ajiye ta a inuwa, ba a kan dandaɓe ko kusa da janareto ba, a kuma riƙa sha ana mayar da sabuwa.

Jarkar lita 25 nauyinta kilo 25 ne idan ta cika. Mace mai goyo da ke ratsa ruwa ba za ta iya da ita ba. Don haka cikin tanadin a sa ƙananan galan ko gorunan roba masu lita 2 zuwa 5, waɗanda yaro ma zai rungume ya tafi da su. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun watan Yuni, kafin marka ta kankama, ya kamata a gama wannan shiri.

Randa da moɗa

Nan ne zuciyar darasin. Mutane sukan sa ido a kan inda aka ɗebo ruwa, su manta da inda aka zuba shi. Ruwan burtsatse kan fito da tsabtarsa, amma kafin ya kai baki ya bi ta jarkar ɗan garuwa da ta yi gansakuka a ciki, ya shiga randar da ta yi mako biyu ba a wanke ba, sannan moɗa ɗaya ta yi ta shiga tana fita. Yaro ya dawo daga wasa ya tsoma ta har da hannunsa, ya sha, ya mayar da ragowar, ya yar da ita a ƙasa. Mai wanke wa jariri kashi ta ɗauraye hannu da ruwa zalla, ta zo ta ɗiba. Da haka ruwan da ya shigo gida lafiyayye yake lalacewa a tsakar gida, ba tare da kowa ya yi niyyar ɓarna ba.

An gwada wannan a wani sansanin 'yan gudun hijirar Mozambik da ke Malawi. Ba a sauya wa mutane rijiya ba, ba a ba su magani ba. Bokiti kawai aka ba wasu gidaje, mai murfi da ɗan bakin tsiyaya, wanda hannu ba ya shiga. Gudawa a tsakanin yara 'yan ƙasa da shekara 5 ta ragu da kusan kashi 1 cikin 3 a waɗannan gidaje.

Ba a ce a fasa randa ba. Randa tana sanyaya ruwa ba da wuta ba, kuma babu abin da zai maye gurbinta a gidan talaka. Gyaranta ake nema: murfi mai rufewa ruf, moɗa mai dogon mariƙi wadda ake rataye ta a ƙusa, da kofin sha daban, ta yadda abin da ya taɓa baki ba zai koma cikin randa ba. A wanke ta da sabulu aƙalla sau ɗaya a mako. Inda ake samun randa ko bokiti mai ɗan famfo a gindi, shi ya fi duka. Rufe mazubi ma ba sabon ilimi ba ne ga Musulmi, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da a rufe ƙore da tukwane a kuma ɗaure bakin salka, musamman da dare. Murfin nan kuma yana hana sauro yin ƙwai a ciki.

Amma ruwan tanadi na ranar gudu ba a randa ake sa shi ba, don ambaliya takan kifar da ita ko ta shiga ta baki. Jarka mai ƙaramin baki da murfin murɗawa ita ce ta wannan aiki. Jarkar man gyaɗa tana yi idan an wanke ta sosai: a zuba ruwan sabulu da 'yan tsakuwa masu tsabta, a girgiza har cikinta ya fita, a ɗauraye. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko kalanzir ko maganin feshin gona kuwa, har abada ba ta ruwan sha ba ce, ko sau nawa aka wanke ta, domin roba tana shanye gubar ta riƙa sakinta a hankali. A cika jarkokin, a sa musu sinadarin kulorin kamar yadda bayani zai zo, a rubuta kwanan wata a jiki, a ɗora su kan benci ko wani wuri mai tudu a cikin ɗaki. Kada su wuce wata 6 ba a sauya ba. Gidan da ya saba amfani da jarka ɗaya yana cika wata jarkar, ba zai ma kai haka ba.

Mataki na farko: a kwantar da laka

Idan tanadi ya ƙare, ko ba a yi shi ba, dole a sha abin da aka samu. Gyaran ruwa mataki biyu ne, kuma ba a tsallake ɗaya: a fitar da dauɗar da ido ke gani, sannan a kashe ƙwayoyin da ido ba ya gani. Dalili kuwa, ƙwayar cuta takan laɓe a jikin laka, sai magani ko hasken rana ya kasa kai mata.

Tacewa da ƙyalle tsohuwar dabara ce da ta yi wa ƙasar nan babban aiki. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga sama da mutum dubu 650 masu kurkunu a Najeriya. Babu allura, babu ƙwayar magani. Tace ruwan tafki da samar da rijiyoyi da wayar da kai ne suka yi aikin, da taimakon Cibiyar Carter da su Janar Yakubu Gowon. An ga mai cutar na ƙarshe a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Najeriya da Nijar sun rabu da kurkunu. A Bangladash kuma, wani bincike da Farfesa Rita Colwell ta jagoranta ya nuna cewa ƙauyukan da mata ke ninka tsohon zanensu na auduga sau huɗu su tace ruwa, kwalara ta ragu a cikinsu da kusan rabi. Tsohon zane ya fi sabo, don zarensa ya yi laushi ramukan sun matse. Bayan an gama a wanke ƙyallen a shanya shi a rana.

Idan ruwan ya yi jawur da laka, alimun, wanda wasu ke kira alif, yana tara dattin ya nutsar da shi ƙasa: a juya ɗan guntu cikin bokiti na ɗan lokaci, a cire, a bari ya kwanta, a tsiyaye na sama a hankali. 'Ya'yan zogale ma suna yin wannan aiki, kuma matan ƙauyukan bakin kogin Nilu a Sudan sun daɗe suna amfani da su. A ɓare busassun 'ya'yan, a daka fararen ƙwayoyin, kimanin ƙwaya ɗaya ga lita ɗaya, a dama da ɗan ruwa a zuba, a juya da ƙarfi sannan a hankali, a bar shi awa ɗaya ko biyu. Wanda ba shi da ko ɗaya, ya bar ruwan a rufe ya kwana. Ruwan da ya yi kwana biyu a ajiye, tsutsotsin tsargiya da ke cikinsa sun mutu.

Sai dai a yi hattara a nan. Alimun da zogale da ƙyalle suna sa ruwa ya yi kyan gani, suna rage ƙwayoyin cuta, amma ba sa gamawa da su. Da yawa sukan tsaya a wannan mataki don ido ya gamsu, kuma nan ne ake kamuwa.

Mataki na biyu: a kashe ƙwayoyin cuta

Tafasawa ita ce ta fi tabbas. Ba ɗumi ba, ba tururi ba: sai ruwan ya tafasa yana ɓulɓula, a bar shi minti ɗaya a haka, a sauke, ya huce a cikin tukunyar da murfinta. Kada a sirka shi da ɗanyen ruwa don ya yi saurin sanyi. Idan ɗanɗanonsa ya yi lami, a zuba a jarka mai tsabta a girgiza. Matsalarta itace: ana ƙiyasta kilo ɗaya na itace ga lita ɗaya, ga shi a ranar ambaliya itace da gawayi sun jiƙe. Saboda haka idan makamashi ya yi kaɗan, a keɓe tafasasshen ruwa ga jarirai da marasa lafiya da tsofaffi, domin akwai ƙwayar gudawa mai taurin kai da kulorin ba ya iya mata, amma wuta tana kashe ta.

Kulorin shi ne sinadarin da gidan ruwa ke sa wa ruwan famfo. Ana samunsa na ruwa-ruwa, kamar WaterGuard, da na ƙwaya, kamar Aquatabs, wanda ma'aikatan agaji ke rabawa a sansanoni. Kowanne da ƙa'idarsa a rubuce a jiki, kuma ƙwayoyin girma-girma ne, don haka a karanta ko a tambayi ma'aikacin lafiya lita nawa ƙwaya ɗaya take yi wa. Na ƙwayar yakan yi shekara 5 bai lalace ba, na ruwan kuwa zafi yana rage masa ƙarfi, sai a lura da kwanan watansa. Idan babu waɗannan, farin bilicin wanki irin su Hypo ko Jik yana yi, da sharaɗin ya zama zalla, marar turare, marar sabulu: ɗigo 2 ga lita ɗaya, wato rabin ƙaramin cokalin shayi ga jarkar lita 25. In ruwan bai washe sosai ba a ninka. A girgiza, a rufe, a jira minti 30. Ya kamata a ji ɗan warin sinadarin kaɗan. Wannan alama ce ta cewa ya yi aiki kuma saura na nan yana gadin ruwan. Wannan gadin ne fifikon kulorin a kan tafasawa, don tafasasshen ruwa da zarar hannu ya shiga ya koma ɗanye. Dettol da Izal da makamantansu ba na ruwan sha ba ne ko kaɗan, kuma ba a haɗa bilici da wani sinadari.

Hanya ta uku kyauta ce, kuma ƙasashenmu suna da arzikinta. A shekarun 1980 masu bincike a Bairut ta Lebanon suka nuna cewa hasken rana yana kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, daga baya wata cibiyar bincike ta Suwizalan ta daidaita dabarar ta yaɗa ta. A samo gorar roba fara mai nuna ciki, irin ta ruwan sayarwa ko ta lemo, wadda ba ta wuce lita 2 ba, a cire takardar jikinta, a wanke, a cika da tataccen ruwa, a kwantar da ita a kan rufin kwano. Awa 6 cikin rana tsaka ya isa. Idan hadari ya rufe sama yawancin yini, sai kwana 2. Ranar da ake zuba ruwa ba ƙaƙƙautawa kuwa dabarar ba ta aiki, sai a tari ruwan sama: a bar na farko ya wanke rufin ya zube, sannan a tara bokiti mai tsabta a indararo.

Duk waɗannan hanyoyi ƙwayoyin cuta suke kashewa. Ba sa fitar da fetur, ko maganin ƙwari, ko gubar dalma irin wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010. Ruwan da ke warin mai, ko wanda ya fito daga wurin wankin ma'adinai ko marina ko majema, a bar shi kawai.

Bayan ruwa ya janye

Rijiyar da ambaliya ta shiga ba a shan ruwanta don kawai ta washe. Sai an kwashe ta, an yashe, ma'aikatan lafiya ko na hukumar ruwa sun zuba mata kulorin, kuma ko bayan haka a ci gaba da gyara na sha na wasu makonni. Masu sake gini su tuna cewa ana son tazarar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya. A tsofaffin unguwannin birane, inda gida ke manne da gida, wannan tazara ba ta samuwa, shi ya sa ruwan rijiyar cikin gari ya fi dacewa da wanki da wanka, sai in an tafasa ko an sa masa kulorin.

Idan duk da haka gudawa ta kama wani, rashin ruwa a jiki ne ke kisa. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, na fakiti in akwai. In babu, a haɗa: lita ɗaya ta gyararren ruwa, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ko yana amai, mai shan nono a ci gaba da ba shi nono. Idan bayan gidan ya zama tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, a kama hanyar asibiti ana ba shi yana sha, kada a jira gari ya waye.

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya ƙirga mutanen gidansa, ya lissafa lita nawa za su bukata na kwana 3 a kan lita 5 ga kowa, ya mayar da lissafin zuwa jarkoki. Sannan ya duba randar gidan da idonsa: tana da murfi, ina moɗa take kwana, yaushe aka wanke ta? Ya tambayi kyamis ko asibitin unguwa wane irin kulorin ake samu da farashinsa. A zo da amsoshin a rubuce a zama na gaba, tare da gorar roba ɗaya da tsohon zane mai tsabta, domin za a gwada tacewa da shanyawa a harabar makaranta.